Kyamarar da Ke Ƙirga Idanu

Maganar da ta zagaye unguwar Chaza ita ce ɗalibai ne suka sace kyamarar wani aji a jami'a, wai don tana tona asirin masu gyangyaɗi. Sufeto Rabi'a kuwa ba ta cika yarda da zancen da bakin kowa ya zo ɗaya a kansa ba.

Jami'ar, mai zaman kanta ce, ta kafa na'urar a saman allo. Tana ƙirga idanun da ke kallon malami, ta ba shi maki. Wanda makinsa ya faɗi, sai sallama a ƙarshen zango.

Rabi'a ta taka tebur ta duba. Ba a ɓalle komai ba. An kwance kusoshin a tsanake, har an jera su a bakin allo.

Da rana wani ɗalibi, Kefas, ya kawo kansa caji ofis, ya ce shi ne.

"Yaya ka cire ta?"

"Fizge ta na yi, ranki ya daɗe."

"Tana ina?"

"Na jefa a rafin Iku."

"Wa kake karewa, ɗana?"

Ya nace shi ne, aka tsare shi.

Washegari ta zauna a bayan ajin. Dokta Bamalli ya shigo, dattijo ne mai furfura, ya koyar da iyayen wasunsu. Yana buɗe baki kowa ya sunkuyar da kai. Biro na gudu, ko tari babu. Ya jefa tambaya, amsa ta fito ta ko'ina, amma ba wanda ya ɗaga ido.

Magatakardan jami'ar ya tabbatar mata makin Bamalli ne na ƙarshe, kuma an riga an yanke shawarar sallamarsa.

Ta sami Bamalli a ofishinsa, ta gaya masa Kefas na tsare, gobe za a kore shi daga makaranta a miƙa shi kotu.

Dattijon ya miƙe. Sannan ya jawo durowa, ya fito da kyamarar naɗe cikin tawul.

"Na roƙe su su riƙa kallona. Sun gwada, kunya ta hana su. Na kai kuka sama, aka ce na'ura ba ta ƙarya. To in ce su daina ganin girmana? Ki saki yaron, 'yata."

Kofur ɗin da ya rako ta ya zaro ankwa, ta girgiza masa kai. Sai da suka nufi mota ta lura ita ma tun shigarta ƙasa take kallo.

Aka saki Kefas da la'asar. Ba ɗalibai ne suka sace kyamarar ba. Malaminsu ne ya cire ta, kuma suna sauraronsa.