Muciyar Goggo Atine

Da hantsin wata Asabar a 1986 aka yi waya ofishin 'yan sanda: wani ƙaramin jirgin sama ya faɗa kan tarin ciyawa a wata gona kusa da garin Manassas, a Amurka. Da aka ji matuƙin yana salati da Hausa, sai aka tura Sufeto Dalyop, mutumin Jos.

Matuƙin, Dokta Sabo, likitan haƙori ne. Shekara biyu ya yi yana harhaɗa jirgin da katako da yadi a garejin gidansa a garin Sterling. Ana ɗaure masa ƙafa yana nuna wani mutum da ke ta gumi a gefe.

"Ga shi nan, Dung bakanike! Shi ya ce komai lafiya. Sai an ƙwace lasisinsa!"

Dalyop ya san Dung, ya san 'ya'yansa huɗu, ya kuma san da lasisin nan suke cin abinci. Ya juya wurin Dung.

"Ka duba cikin fiffiken?"

"Ciki da bai, ranka ya daɗe."

Sufeto ya zura hannu cikin karyayyen fiffiken hagu, ya zaro guntun jar sanda mai huji a bakinta, har da igiyar ratayewa.

"Har wannan ka duba?"

Dung ya sunkuyar da kai. "Gaskiya daga waje na ƙwanƙwasa. An kawo abinci, ka gane."

A Sterling, Hajiya Rabi, matar likita, ta rantse ko ƙuda ba ya shiga garejin. Amma a bayan ƙofar kicin Dalyop ya hangi tsintsiyar Turawa a yashe, babu sanda.

"Yara ne," in ji ta.

"Baƙo ba ya fita gidan nan da yunwa," in ji wata tsohuwa, Goggo Atine, mahaifiyar likita, wadda ta zo daga Kano wata uku da suka wuce. Ta dire masa tuwo da miyar kuka.

Ya kai loma, ya tsaya. Sumul, ko gudaji ɗaya babu. Shi kuwa matarsa cokulan katako shida ta karya a ƙasar nan, tuwon bai taɓa tuƙuwa ba.

"Goggo, ina kuka samu muciya?"

"Daga gida na taho da ita."

"In gani?"

Ta kawo tana taƙama. Farin katako ne mara nauyi, a gindinsa an rubuta da fensir, da hannun likita: hagu, 14.

"To, sai me?" in ji Goggo. "Itace cike da ɗaki, yaro yana ta wasa da shi, mu muna cin tuwo kamar tsakuwa. Ya tafi aiki, na ɗaga yadin, na ɓamɓaro guda, na fere. Kuma ba sata na yi ba, na mayar masa da sandar tsintsiya. Tsawonsu ɗaya!"

"Goggo, ɗanki ya faɗo daga sama."

"Wa ya aike shi?"

Dalyop ya yi waya aka sallami Dung, wanda aka tsare a ofis. Sannan ya buɗe wa Goggo ƙofar mota, za ta je ofis ta ba da bayani. Ta gyara mayafi ta shiga gaba, ta ce a wanke muciyar idan an gama shaida da ita.

Sun yi nisa kafin Sufeto ya yi gyaran murya.

"Goggo, fiffiken dama bai karye ba. Akwai irinta a ciki?"

"Har uku, ɗan nan. Turo matarka."