Ruwan Toka a Gindin Gawo

La'asar ta yi sanyi a Matameye, awaki na shigowa gari, hayaƙin tuwo na tashi daga gidaje, sa'ad da Illa ya kawo kamiyo, babbar motar kaya, bayan gidansa ya tsayar da ita gindin tsohon gawo. Zamanin nan Faransa ba su daɗe da kama ƙasa ba. Mota ɗaya ce a garin, ta wani Nasara mai sayen gyaɗa, Illa ne shofar ɗinta. A Damagaram ya koyi tuƙi, ya sha mari kafin ya iya.

Ba a taɓa ganin Illa ya wanke inji da yamma ba. Da hantsi yake yi, don rana ta shanye ruwan. Amma ran nan Nasara ya ce gobe kumandan, Bafaranshen da ke mulkin yankin, zai zo, zai leƙa cikin mota, kada a ga ɗigon baƙin mai ko ɗaya.

Illa ya jira ƙarfe ya huce. Ya ɗauko fatar akuya mai laushi ya naɗe manyato, 'yar akwatin da ke ba inji wuta, ya ɗaure ta tam. Ya rufe kawunan buji, wato filogi, da tsumma, ya toshe bakin karburato, ya bi ko'ina da kananzir yana gogewa. Ya san ruwa in ya shiga manyato, ko a kwana ana murza manibel, ƙarfen tayar da inji, mota ba za ta tashi ba. Kafin ya gama, rana ta yi ja. Matarsa Habi ta fito da tukunyar ruwan toka tana tafasa, ta ajiye, ta tsaya.

"Maigida, magariba fa ta kawo jiki. Ba a zubar da ruwan zafi yanzu."

"Je ki gaya wa Nasara," in ji shi.

Da ludayi ya riƙa zubawa, kaɗan kaɗan, daga ƙasa-ƙasa, yana kare fatar da tafin hannunsa. Inji ya fito fes. Sauran ruwan kuwa, da ya ji ladan ya ɗaga murya, sai ya ɗauki tukunyar ya watsa shi cikin kogon saiwar gawo. Bai yi Bisimilla ba. Wani siririn kuka ya fito daga ƙasa, kamar na ɗan akuya sabon haihuwa, ya yanke. Kajin da ke hawa danga suka yi tsit.

Washegari kumandan ya zo ya tafi, ko kallon motar bai yi ba.

Da magaribar ranar dutse na farko ya faɗo tsakar gida. Habi ta ɗauka, ta yar da sauri: yana da zafi, baƙin mai na naso a jikinsa. Na biyu ya fasa randa. Illa ya zagaya bayan gida da sanda, bai ga kowa ba sai gawo da inuwarsa. Haka aka yi kwana shida. Da rana lafiya lau, amma rana na faɗuwa sai jifa, tuwo ya ɗauki warin kananzir, a kuma ji wata mace bayan danga tana lallashin ɗa da murya ƙasa-ƙasa, ɗan yana nishi.

A rana ta bakwai lallashin ya daina. Baiwa, 'yarsu tilo mai shekara goma sha biyu, ta fita tsinto wa awaki 'ya'yan gawo. Shiru ba ta dawo ba. Habi ta same ta kwance rub da ciki, bayanta ya tashi ƙuraje irin na ƙunar ruwan zafi, daga wuya har kwankwaso. Da aka shigar da ita ɗaki ta buɗe ido ta dubi ubanta, kallon da ba na yarinya ba. Habi ta ja asabari, ta ce wa maƙwabta zazzaɓi ne.

Illa ya tafi Kurni da ƙafa ya ɗauko Malam Sallau, wani ɗan gajeren tsoho mai tari, wanda aka ce aljanu na jin maganarsa. Malam ya duba gindin gawo, ya duba motar. Bayan sallar magariba ya zauna kusa da kan Baiwa, ya sa turare a kasko, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Can yarinya ta tashi zaune, ta yi magana da muryar tsohuwa, busasshiya kamar kara.

"Ya isa, Malam. Ina ji."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Gindin gawon nan gidanmu ne tun ba a haƙa rijiya a garin nan ba. Ɗana na barci a kogon saiwa, wancan ya sheƙa masa ruwan toka. Kwana shida ina riƙe da shi, fatarsa na saɓulewa a hannuna. Jiya ya cika."

"Allah ya ba ki haƙuri," in ji Malam Sallau. "Mantuwa ce ta ɗan Adam, ba ganganci ba."

"Mantuwa?" Ta juya ta kafa wa Illa ido. "Ina kallonsa ya naɗe ƙarfe da fata kamar jariri ranar suna. Ya kare shi da hannunsa. Ɗigo ɗaya bai taɓa ƙarfen Nasara ba. Wanda ya iya wannan kula, shi ne zai ce mini ya manta?"

Illa ya sunkuyar da kai. Malam ya ce za a yanka rago. Ta ce rago ba zai kira ta inna ba, 'ya take so a madadin ɗa. Malam ya ce ba a kama rai da laifin wani, ya ɗaga murya da ayoyi har jikin Baiwa ya ɗauki ɓari, ya ce in ba ta fita ba zai ƙone ta da ikon Allah.

"Ƙuna kuma," ta ce a hankali. "Ku dai ba ku da wani abu sai ƙuna."

Malam ya tsayar da karatu. Ya dubi garwashin kasko da ya zama toka, ya ce: "Faɗi abin da za a iya."

"Ya kashe wutar ƙarfen nan da hannunsa. Ya zuba ruwa inda ya hana ruwa zuwa. Gobe ya je ya gaya wa mai motar shi ya yi. Sai in kwashe sauran 'ya'yana in bar muku garin."

Malam Sallau ya dubi Illa. "Wannan ba ni zan amsa ba."

Illa ya san abin da ake yi wa baƙin mutum in ya ɓata kayan Nasara. Ya dubi Habi, ta riƙe ƙafafun 'yarta, ba ta ɗago ba. Ya tashi ya ɗauki tulu ya fita. Ya buɗe murfin manyato, ya yi Bisimilla, ya tuttula ruwa har tulu ya ƙare. Ya murza manibel sau uku. Ko tari motar ba ta yi ba. A cikin ɗaki Baiwa ta yi atishawa mai ƙarfi, ta faɗi jikin uwarta, ta ce da 'yar muryarta, "Inna, ƙishirwa."

Da safe Illa ya je ya faɗa. Nasara ya tambaye shi dalili, ya ce babu. Aka yi masa bulala a bakin kasuwa, aka tura shi aikin dole wata shida kan hanyar Kance. Kwana uku da tafiyarsa wani makanike ya zo daga Damagaram, ya kwance manyato, ya shanya ta a rana wuni guda, mota ta tashi. Illa na ɗauke da kwandon marmara a ka sa'ad da motar ta wuce shi, wani na tuƙi.

Ya dawo bayan damina yana jan ƙafa, bai ƙara riƙe sitiyari ba. Ba a sake jifa a gidan ba. A gari kuwa aka ce shofar Illa ya taɓu, ya shayar da motar Nasara ruwa kamar jaki. Bai taɓa musawa ba, don in ya faɗi gaskiya sunan Baiwa ne zai shiga bakin duniya, har abada a riƙa nuna ta a ce mai aljanu.

Ita ba ta tuna kome ba. Tabon bayanta, uwarta ta ce mata ƙyanda ce. Wata rana ta dawo daga rijiya idonta ja, 'yan mata sun yi mata gori. Ta tsaya gaban ubanta yana saƙar igiya a zaure.

"Baba, wai da gaske ne hauka ka yi?"

Illa ya ɗan daɗe yana murza kaba a cinyarsa.

"Da gaske ne," ya ce. "Shiga da ruwan, uwarki na jira."