Tokar Shagon Dogo

"Dogo! Hannunka!"

Auta ta ratsa taron mutane, takalminta yana nutsewa cikin toka da ruwa. Shagon kafintan da ta sani, mai ƙamshin katako da fenti, babu shi. Injin yanka ya lanƙwashe kamar gwangwani. Gadaje da kujerun da ya gama wa mutane sun koma gawayi.

Yana zaune kan bulo, hannun dama naɗe da tsumma.

"Hannu zai warke, Autata." Ya yi murmushin yaƙe. "Motar kashe gobarar da kika yi wa unguwa fafutuka ce ta zo. Ta ceci maƙwabta."

"Kai fa?"

"Ni ina da ke. An gama mayar da inshorar tawa wancan kamfanin, ko?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Yaya ya ce ya gama..."

Auta ce shugabar kamfanin dillancin inshora na gidansu. Kakanta ya kafa shi, Babanta ya raine shi, da ƙafafu suka gaza masa ya tsallake maza ya ɗora ta. Aikinsu shiga tsakanin mai dukiya da manyan kamfanonin inshora, in asara ta faɗo su tsaya har a biya. Ita ce kuma kan gaba a kwamitin unguwa. Fitilun titi, ɗakin haihuwa, duk da guminta a ciki.

Dogo abokin cinikinsu ne. Ranar da ta je duba shagonsa ta yi masa tatas kan wayoyin wuta. Ya saurara har ta gaji, sannan ya ce, "Gobe ma ki dawo, ban gama jin faɗan ba." Ta dawo. Daga nan zuciya ta tafi.

Amma gidansu da doka. Baba ya faɗa mata ba tare da ya ɗago kai ba: "Ba a haɗa amana da surukuta. Wanda muke riƙe da inshorarsa ba ya aure a gidan nan."

Ita da bakinta ta ce wa Dogo ya janye daga wurinsu ya koma wani dillali. Ita da hannunta ta miƙa aikin ga Yaya, ɗan Kawunta, wanda ya nemi kujerar ya rasa, ya neme ta ita ma ya rasa.

Daga wurin gobarar ta wuce ofis, ta sami Yaya yana kaɗa shayi.

"Yaya, ina sabuwar inshorar Dogo?"

"Tsohuwar dai na soke ta, kamar yadda shugaba ta umarta."

"Sabuwar nake tambaya!"

"Aiki ya yi yawa, ƙanwata. Na ce sai mako mai zuwa. Wa ya san wuta za ta riga ni?"

"Ka ce min ka gama!"

"Na gama rabi." Ya kurɓi shayi. "Amma kada ki yi kuka, akwai hanya. Ki sa hannu cewa tun kafin gobara kika mayar da shi cikin namu. Kwanan wata ne kawai. Ni bakina alaikum."

Ta dube shi da kyau. Shirun Yaya ba kyauta ba ne, sai ta biya shi har ƙarshen ranta. In kuma maganar ta fasu, a ƙwace lasisin kamfani. Masu shaguna, direbobi, zawarawan da ke jiran haƙƙin mazajensu, duk su wayi gari a rana.

Ta wuce gida wurin Baba. Yana kan kujerar guragu, rediyo a cinya. Ya ji komai bai katse ta ba.

"A kori Yaya, Baba."

"Jini ne. Ba a yanke hannu don ya yi wari."

"To Dogo fa? Don dokarka ya bar inuwarmu!"

"Dokata ta ce ya bari. Ba ta ce ki ba kura ajiyar nama ba." Ya ƙara muryar rediyo. "In kika sa hannu a ƙarya, ki nemi wani uban."

Kashegari da hantsi Dogo ya shigo ofishinta, mahaifiyarsa a gaba. Yaya ya riga ya kai musu labarin hanyar, har da tausayinsa.

Tsohuwar ko zama ba ta yi ba.

"Ke ce mai gyara unguwa? Kin haska titi, kin duhunta min gida! Na ce masa ya bar 'ya'yan masu hannu da shuni, ya ƙi."

"Inna, ki yi haƙuri..."

"Haƙuri na ci ko na sha?"

"Inna, jira ni a waje," in ji Dogo.

Ƙofa ta rufe. Ya tsaya yana kallon teburin da ke tsakaninsu. Shi ya ƙera mata shi.

"Autata, ban taɓa roƙonki komai ba."

"Kada ka fara yau, don Allah..."

"Kayan mutane ne suka ƙone a hannuna. Yaran shago suna da iyali. Alƙalami ɗaya ne, hasken idona. Ba sata zan yi ba, shekara da shekaru ina biya."

"Na sani."

"Ke kika ce in fita."

"Na sani, Dogo!" Hawaye suka ɓalle mata. "Zan sayar da motata, da filina. In gina maka shago da hannuna. Kwamiti ma zai taimaka."

"A yi min karo-karo? In zama abin tausayin unguwa, sannan in shiga gidanku a matsayin mijin-ta-ce?"

"Masoyina, ni ce fa..."

"To sa hannu."

Ta dubi alƙalamin. Ta dubi hannunsa mai tsumma. Allah ya sani, ta so. Ta ɗauki alƙalamin ta jefa cikin aljihun tebur, ta tura.

"Ba zan iya ba."

Da ya yi magana, babu faɗa a muryarsa, shi ne ya fi mata ciwo.

"Kin yi daidai. Da kin sa hannu, da na raina ki wata rana. Da kika ƙi, ba zan iya yafe miki ba. Kin ga ko ta ina aka ɓullo, babu aure."

"Dogo!"

"Allah ya ba ki wanda ba ruwansa da wuta."

Ya fita. Ta taga ta ga yana riƙe da mahaifiyarsa suna tsallaka titi. Bai waiwayo ba. Kafin wata ya ƙare ya bar garin, ya kama aiki a shagon wani, shi da a da yake ba wasu aiki. Ba ta sake ganinsa ba.

Amma a wannan hantsin ba ta san haka ba tukuna. Ta zauna tana jin dariyar Yaya ta bango. Wayar tebur ta yi ƙara, ta sake yi. Ta share fuska da gefen mayafi ta ɗauka. Wani mai babbar mota ne, motarsa ta kife da kaya, yana kuka kamar yaro.

"Kwantar da hankalinka, Malam," in ji Auta. "Taka inshorar tana nan daram. Ga ni nan zuwa."