Bismillar da ta tona asiri

Da hantsi Firdausi ta buɗe shafin intanet na gasar ragunan kiwo da ƙungiyar matasan Daura ta ɗora mata kula da shi, sai ta ga ragon Dabo ya sami ƙuri'un da suka fi mutanen unguwarsu yawa. Kwamitin gasar ya ce maguɗi ne, za a kori Dabo. Shi kuwa dillalin dabbobi ne, in sunansa ya ɓaci a kara, kasuwarsa ta mutu.

Firdausi ta bi saƙonnin ƙuri'un ɗaya bayan ɗaya. Kowane saƙo da ke zuwa shafi yana da 'yan layuka a samansa, masu faɗin irin wayar da ta aiko shi. Na bogin ba daga waya suke ba. Da hannu aka rubuta su, aka turo kai tsaye daga kwamfuta ta wata ƙofar shafin da ake kira soket, aka kuma ƙara layin da ba ta taɓa gani ba: Bismillah. Dariya ta kama ta.

Ta fara da Dabo. Ta tarar ko buɗe shafin bai iya ba, bawan Allah.

Sai Harisu, abokin takararsa, wanda ya ɗan karanci kwamfuta.

"Haba Firdausi," in ji shi, "in zan yi sata, ragon wani zan yi wa?"

Ta sa shi ya rubuta mata saƙon gwaji. Ya rubuta, babu ƙarin komai.

Saura Rahmatu, mai koyar da kwamfuta a Islamiyya.

"Malama, taimaka ki rubuto min saƙon gwaji a shafin nan," in ji Firdausi.

Rahmatu ta ja kujera. Kafin ta ankara, yatsunta sun rubuta layin nan na Bismillah.

"Wayoyi ba sa bismilla, Malama," in ji Firdausi. "Sai wadda hannunta ya saba. To, me ya haɗa ki da ragon Dabo?"

Rahmatu ta rufe fuska da mayafi. "Ba ragon ba ne."

Kwamiti ya share ƙuri'un bogin, ya wanke Dabo, Rahmatu ta nemi gafara. Ragon Dabo ya zo na uku. Da Dabo ya ji don shi Rahmatu ta yi, murna ta hana shi zama, don ya daɗe yana son ta, kwarjininta ya hana shi magana. Ranar Juma'a kawunnansa suka yi sallama a ƙofar gidan su Rahmatu, ragon na biye da su.