Tokar Mahaifin Ales

Mu nan Bialystok ta Poland mun saba da satar keke da fasa-ƙwaurin sigari. Amma ranar da aka gaya wa Sufeto Marzena Kondrat an sace mamaci, sai da ta sa aka maimaita mata.

Mai ƙarar, Ales, kafinta ne haifaffen Hrodna ta Belarus, ya daɗe a nan har ya samu fasfon Poland kan na gida. Mahaifinsa ya rasu a hannunsa, da wasiyyar a binne shi can. An ƙona gawar don sauƙin tsallake iyaka, jibi Ales zai kai tokar da kansa. Yanzu tun jiya tukunyar tokar ta yi ɓatan dabo, har da takardunta.

Sufeto ta duba ƙofar gidansa. Ba a ɓalle ta ba. Ta juya ga Ales.

"Da wane fasfo za ka shiga?"

"Na Poland mana, ranki ya daɗe. Wa zai taɓa ni?"

"Kai da aka haifa can? Kana taka ƙasarsu ka zama nasu. Jakadanmu ko ruwa ba zai iya miƙa maka ba."

Ta sami matarsa Wioletta a kicin, ido a kumbure.

"Ni? Ai ni na haɗa masa kaya."

"Ina jakar?"



"To, ƙarya nake. Na roƙe shi har na gaji. Ya shiga zanga-zangar adawa da gwamnatin Belarus a nan, hotonsa na yawo, shi kuma kunnen ƙashi. Amma in saci surukina? Allah ya kiyaye!"

"Wa ke da makulli bayan ku?"

"Kawunsa Ryhor, direban bas ɗin Hrodna."

A tasha ta iske dattijon yana wanke mota.

"Jiya? Motar a gareji ta wuni, 'yata."

Ta miƙa masa hannu, ya yamutsa fuska. Tafinsa duk ya saɓule. Ƙarƙashin kujerar baya kuwa ga shebur, laka ba ta gama bushewa a kansa ba.

"Sitiyari ne ya yi maka wannan aika-aika, Baba?"

A caji ofis, gaban Ales, ba a sha wahalar Ryhor ba.

"Ni na ɗauka. Kwanaki jami'an Belarus suka tsare ni a iyaka, suka buɗe wayata, suka ga hoton nan. Suka ce ko suna, ko in manta da 'ya'yana. Naka na faɗa, Ales. Jiranka suke. Duk wucewata sai sun tambaye ni yaushe ɗan ƙanwata zai zo."

Biro ya suɓuce daga hannun Sufeto. Ta ga abubuwa a aikin nan, amma wannan ya girgiza ta.

"Me ya hana ka gaya mini, Kawu?"

"Da wane baki?"

"Ina Baba?"

"Na binne shi jiya a Hrodna, kusa da mahaifiyarka. Daga ni sai limamin coci. Yanzu ba ka da abin zuwa yi."

Ales ya yi zaune kamar an dasa shi. Sai da kurtu ya kama hannun dattijon za su fita ya zabura.

"Kawu! Ka dai zuba masa ƙasa da sunana?"

Ryhor ya waiwayo, hawaye na bin gemunsa.

"Na zuba. Na ce masa kana nan tafe. Shi ma ƙarya na yi masa."