Faifan Barira a Gindin Tsamiya

Ku matso kusa. Ke Ummi, kashe tocilan nan, ba a jin irin wannan labari da haske a ido. Wanda ya san zai jiƙa katifa ya tashi tun yanzu, ba ruwana.

Kun dai san Anti Barira, 'yar Malam Sallau mai gyaran keke, wadda ke koyar da wasanni a makarantar 'yan mata. To, ita ce. Tana budurwa taurin kai gare ta ba kaɗan ba. In ka ce mata kar ta bi nan, to ka sa ta a hanya ke nan.

A lokacin, wani ma'aikacin gandun daji mai suna Ashiru ya dawo daga karatu ƙasar waje da wani wasa. Ya kakkafa kwandunan ƙarfe a kan sanduna cikin kurmin bayan dam, kowanne da sarƙoƙi na reto a samansa. Daga nesa ake tsayawa a wurga faifan roba. Inda ya faɗi, nan za ka tsaya ka sake wurgawa, har ya shiga kwando. Mai ƙarancin jifa shi ya ci. Ba a matsar da faifai, ba a karya reshe don a sami hanya. Kuma kowa yana rubuta sunansa a bayan nasa, don in ya ɓace a san mai shi.

Wasa ne mai cin rai, wallahi. Ka saki jifa mai kyau, kana washe baki, sai ka ji ƙwas, ya daki bishiyar malaina ya dawo bayanka. Kwandon ƙarshe kuwa ya fi kowanne mugunta. Hanyarsa siririya ce kamar lungu, ga wata tsohuwar tsamiya a hagu, ƙarƙashinta duhu ko da rana tsaka. Faifan da ya karkata can, maza ba sa bin sa. Sai ka ji sun ce ai dama ya tsufa.

Aka sa gasa ranar Asabar. Barira ta ce za ta shiga. Ashiru ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Malama, ki zo mana da zoɓo mai sanyi dai. Kwandon tsamiya ba na mata ba ne."

"Haka ne?" in ji ta. "To, Allah ya kai mu."

Ranar Juma'a, maza na masallaci, ta ɗauki jan faifanta ta shiga kurmi don ta gwada kwandon nan. Ita kaɗai.

Shiru. Ko kukan kurciya babu. Ganyen malaina ya bushe ya rufe ƙasa, kowane taku sai ya yi ƙaras. Ta gyara tsayuwa ta saki faifai. Ya miƙe sambal. Babu iska ko kaɗan, amma yana kai tsakiyar hanya sai ya karya hagu, a hankali, kamar an kira shi. Ya shige ƙarƙashin tsamiya.

Da ni ne, gida. Ita kuwa tsaki ta ja ta bi shi.

Ga shi can kwance tsakanin saiwoyi. Ta sunkuya ke nan, wata mace ta fito daga bayan bishiyar. Doguwa, siririya, kanta na gogar reshe. Baƙin zane a jikinta, babbar ƙwarya a hannu.

"Sannu, Iya," in ji Barira.

Matar ta tako. Ta sake takowa. Barira ta kasa kunne. Busasshen ganyen nan bai yi ƙara ba.

"Barira Sallau."

Bakin matar a rufe yake. Daga sama muryar ta sauko, daga cikin rassa.

"Ina kika san ni, Iya?"

"Ke kika rubuta. Ke kika aiko."

Matar ta karkato ƙwaryar. Fayafai ne a ciki, duk a kife, sunaye na kallon sama. Na kan gaba shuɗi ne, an rubuta Ɗanjuma. Ɗanjuma tela, wanda ya bar faifansa a nan bara. Tun daga lokacin yake tashi cikin barci ya nufi kurmi ido a rufe, har sai da 'yan'uwansa suka riƙa sa masa kwaɗo a ƙofa.

"Abin da aka bari a ƙofata nawa ne," in ji muryar. "Shi da sunan da ke jikinsa. Je ki gida. In na kira, za ki zo."

Barira ta ji tsoro, kar wanda ya ce muku ba ta ji ba. Amma haushi ya taso mata, ya fi tsoron zafi. Jiya namiji ya ce ta kawo zoɓo, yau kuma wannan na cewa ta je gida ta jira kira?

"Ban bari ba," ta ce.

"Me?"

"Ban bar shi ba, Iya. Wasa nake, ban gama ba. Nan ya faɗi, daga nan zan jefa. Matsa mini."

Rassan tsamiya suka motsa, ba iska.

"Hannun da ya ɗauke shi ba zai koma gida yadda ya zo ba."

"Gara hannun."

Ta yi bisimilla ta ɗauka.

Sanyi ya kama yatsunta. Ya hau wuyan hannu. Ta ɗaga kai tana neman tagar da za ta jefa, babu. Bishiyoyin da ta ratso yanzun nan sun haɗe kafaɗa, reshe ya saƙe da reshe tun daga ƙugunta har sama. Ta kai hannun hagu za ta karya ɗaya, sai ta ji muryar ta yi wata 'yar dariya. Ta janye. Ta gane so ake ta karya doka wasan ya lalace.

Sanyin ya kai gwiwar hannu. Ta yi ta ɗaga damtsen, ya ƙi tashi.

Sai ta durƙusa. Can ƙasa, tsakanin kututtura biyu, akwai 'yar kafa da haske ke shigowa, ba ta fi hanyar akuya ba. Ta tsayar da faifan a kan gefensa, yadda kuke gara taya a layi. Ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage a hannun, ta cije leɓe, ta gara shi.

Ya tafi yana tangaɗi. Ya hau saiwa ya sauka. Ya shige kafar, ya ɓulla cikin rana.

Barira ta kwanta rub da ciki ta bi shi, ƙaya na yagar rigarta. Wani abu mai sanyi ya shafi diddigenta. Ba ta waiwaya ba.

Ta fito. Ga hanyar gida a buɗe, ga kwando kusa. Kuna tsammanin gudu ta yi? Ina! Hannun dama na lilo kamar tsumma, ta sa hagu ta ɗauki faifan, ta tsaya daidai inda ya kwanta. Ta jefa. Ya kauce. Ta taka ta sake ɗauka, hawaye na zuba, ta sake jefawa.

Cas! Sarƙoƙi suka amsa.

Ta ciro abinta ta rungume. Sannan ta juya ta fuskanci tsamiya.

"Na gama, Iya. Ni da sunana mun tafi."

Ta kama hanyar gida.

An kai ta asibiti, an kai ta wurin malamai, an sha rubutu, an yi turare. Hannun bai dawo ba. Ranar Asabar tana kwance aka yi gasar. Amma ba a taɓa sa mata kwaɗo a ƙofa ba. Barcinta take har asuba, babu mai kiran ta. Da damina ta wuce ta koma kurmin nan tana koyon jifa da hagu, sai dai ba ta sake shiga ita kaɗai ba.

Ku ma kar in ji, kar in gani. In za ku bayan dam, ku tafi da babba, kuma kar ku aika sunanku inda ba za ku iya bin sa ba.

Kai Sadi, kai ne rannan kake gunaguni wai Anti Barira ta miƙo maka alewa da hagu, ba ta da ladabi. Gobe in ta miƙo, ka sa hannu biyu ka karɓa.