Awarwaron Da Ya Ga Wuta

Tari ne ya haɗa su. Shi ya turo baro cike da jan ƙarfen da ya ƙono daga tsofaffin wayoyin lantarki, ita kuma tana zaune a ƙofar rumfar aikinsu tana juya ɗan injin fere waya. Waya na shiga da rigarta ta roba, tana fitowa ja wur, ɓawon na zuba cikin buhu. Yana matsowa ƙaurin ƙonanniyar roba ya shaƙe ta.

"Malam, kayan ne suka ƙone ko kai?" ta ce, tana toshe hanci da mayafi.

"Kayan ne. Ni sai yanzu na fara."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Tun daga ranar ta raɗa masa Hayaƙi, shi kuma ya sa mata Tagulla, kuma ba wanda ya ƙara jin sunansu na gaskiya.

Bawan Allah ya tsiri kawo kaya kullum, ko da abin da ke baron bai cika tafin hannu ba. Ita ta nuna masa yadda suke yi a ɗan kamfanin nasu: a fere waya, a jiƙa allunan matattun kwamfutoci cikin ruwan tsami irin na lemo, a jawo jan ƙarfen da lantarki ya manne a faranti, ruwan kuma a tace a sake amfani da shi. Shi abin da ya gada wajen kawunsa rami ne a bayan gida, da tsohuwar taya, da ashana.

So ya kama su ƙwarai, har ya tura manyansa. A nan aka yi karo da Abba.

Mahaifin Tagulla mai naɗin fanka da janareta ne, ya tsufa cikin jan ƙarfe, daga nesa yake gane wanda ya sha wuta. Hayaƙin masu ƙona waya ne ya lalata ƙirjin matarsa, har sai da suka bar tsohuwar unguwarsu. Har yau Umma ba ta rabuwa da abin shaƙa a jaka.

"Ban ƙi yaron ba," in ji Abba. "Amma wanda ke ƙona waya ba zai zama surukina ba. Uwarki ta ziyarce ki ta dawo a motar asibiti?"

Da yamma saƙo ya shigo wayarta:

"Tagullata, na cike ramin da ƙasa. Daga yau ni da ashana sai kunna risho. Ki ara mini tsohuwar wuƙar ferewarki."

Ta mayar masa:

"Wuƙa kam na ba ka, Hayaƙina. Ka kula da yatsun, ina da buƙatarsu."

Bai kula ba. Yatsun nan suka sha yanka har filasta ta zama kamar safar hannu. Abin da yake gamawa da wuta kafin shayi ya huce, yanzu sai ya wuni a kansa. Abba ya fara saukowa, har yana amsa gaisuwarsa da fara'a.

Sai so ya sa shi wauta. Ya samu wata waya mai kauri daga tsohon firji, ya ce zai murɗa mata awarwaro da hannunsa. Waya ta ƙi lanƙwasuwa. Ya ɗora ta a rishon innarsa ta yi laushi, ya murɗe ta tsaf, bai damu da duhun da ta yi ba. Ita ma murna ta rufe mata ido, ta zura a hannu ta shiga gida tana rawar kafaɗa.

A falo ta tarar da Mai Sikeli, dillalin da ke sayen ƙarfen unguwar, wanda ya daɗe yana zarya da turarensa mai hawa kai, wai gaishe da Abba yake zuwa. Abba ya kama hannunta, ya juya awarwaron sau ɗaya.

"Wannan ya ga wuta."

"Ai na faɗa maka, Baba," Mai Sikeli ya cafe. "Na san su sarai. A gabanka wuƙa, a bayanka ashana."

Abba ya cire awarwaron ya jefa a aljihu, ya ce maganar aure ta mutu. Tagulla ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta, don ba hanin ne ya fi ƙona mata rai ba, tunanin ya yi mata ƙarya ne.

Da labari ya kai wa Hayaƙi, sai saƙonsa ya shigo wayarta:

"Wallahi risho ne, Tagulla, don ta lanƙwasu kawai. Roba ko ƙwaya ban ƙona ba."

Ta karanta, ta kife wayar. Ya sake turowa, ta ƙi buɗewa.

Washegari tana sharar rumfa, idanu a kumbure, tana tura ɓawon waya cikin buhu, ja da shuɗi da rawaya. Sai ta tsaya cak da tsintsiya a hannu. Ta yar da ita, ta nufi shagon Abba ko mayafinta ba ta gyara ba.

"Abba, wanda ya ƙona waya, me yake rage masa?"

"Toka."

"Wanda ya fere fa?"

Abba ya ajiye fankar da ke hannunsa, ya dube ta.

"Mu je yanzu, kada a gaya masa," ta ce. "In ba mu tarar da ɓawo ba, ni da bakina zan sallame shi."

Umma ta ce ƙafarta ƙafarsu. Mahaifiyar Hayaƙi ce ta buɗe musu ƙofa, kuma ko gaisuwa ba a gama ba ta fara kai ƙara.

"Gara da kuka zo! Ku yi wa yaron nan magana. Buhu a zaure, buhu a ƙarƙashin gado, jiya na buɗe tukunyata na tarar da roba! Wai masu yin bokiti yake tara wa."

Buhuna ne jingim har bakin taga, kowanne maƙil da ɓawo. A bayan gida, inda ramin yake a da, Hayaƙi na zaune a kan benci da wuƙa, ya rame, yatsu duk filasta. Ya miƙe a rikice har waya ta harɗe masa ƙafa.

Abba ya nufi buhunan kai tsaye. Ya zura hannu cikin buhu, ya damƙo ɓawo, ya shinshina. Sannan ya waiwaya neman matarsa. Umma ta riga ta zauna a kan bencin, jakarta a rufe a gefe, tana jan numfashi har ƙasan ƙirji.

"Iskar gidan nan da daɗi," ta ce.

Abba ya roƙi lemon tsami da ɗan gishiri. Ya ciro awarwaron ya murza shi da kansa, duhun ya fita, ja ya bayyana yana ƙyalli. Ya miƙa wa saurayin.

"Ɗana, na zarge ka, ka yafe mini. Amma ka riƙe wannan sai an ɗaura. Kuma in za ka gasa waya, ka tambayi surukinka tukuna."

Tagulla ta rufe fuska da mayafi, dariya da hawaye suka haɗe mata.

Ranar ɗaurin aure Mai Sikeli ma ya zo, ya ci ya ƙoshi, ya yi addu'a da ƙarfi fiye da kowa. Amarya ta ƙi kowane abin hannu sai awarwaron nan. Da aka kai ta, Umma ta daɗe zaune a tsakar gidan, ta sa musu albarka, ta ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya masu lafiyayyen ƙirji. Kowa ya ce amin. Sai da aka yi nisa a hanyar komawa Umma ta tuna ta bar jakarta da abin shaƙan a can, ta ce a bari, ba sauri.